Zane Uku da Ɗigo a Ƙarƙashin Boksi

Ni mutum ne mai zargi, kuma ba yau na fara ba. Idan mai awo ya cika mini mudu har ya yi tozo, tsayawa nake ina tunanin me ya zuba a ƙasa. Matata ta daɗe da daina musu da ni a kan wannan hali. Cewa take, ko ruwan sama ne ya sauka a gonata, sai na leƙa ta maƙwabci na ga ko an fi ba shi.

Ina da tsohuwar boksi, a-kori-kura ce da ta girmi 'yata ta fari, da ita nake zuwa gonar riɗina a wajen Simsim. Da rani ba ta da laifi. Amma da damina, idan baƙar ƙasar nan tamu ta Gadarif ta ƙoshi da ruwa, taraktoci suka tsaga hanya gida biyu suka bar tudu a tsakiya, sai cikin motar ya hau tudun ya zauna, tayoyi suna ta juyawa a banza. Akwai daminar da na kwana biyu a hanya da 'yan ƙwadago shida a baya, har guzurinmu ya ƙare. Tun a nan na ƙudurta sai na ɗaga ta.

Ban kai ga yi ba yaƙi ya ɓarke a Hartum. Ƙanwata ta iso gidana da mijinta da 'ya'yansu uku a bayan wata motar ɗaukar kaya. Mijin nata bakanike ne, a can yana da garejinsa da masu yi masa aiki, kowa Usta yake kiransa. Abin da ya fito da shi jakar sufanu ce guda. Na ba su ɗakuna biyu, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya na ba su. Wata da watanni Usta yana yawo unguwar makanikai neman aiki, ana yi masa kallon hadarin kaji, domin a lokacin kayan motocin da aka wawushe sun fara bayyana a kasuwanni, duk wanda ya zo daga can da ƙarfe a hannu sai a kalle shi sau biyu. Da ƙyar wani mai gareji ya ba shi gefen rumfa, ya ce ya gwada hannunsa a gani, idan ya ga gaskiyarsa ya zauna.

Ƙanwata ce ta same ni da maganar.

"Yaya, ka ba shi aikin motar nan mana. In mutane suka ga ka yarda da shi, su ma za su yarda."

Na ce to. Amma kayan, ni na je na sayo da kaina. A kasuwa kowa malami ne a kan ɗaga mota. Wannan ya ce a ƙara ganyen sifirin, wato dogayen ƙarafan nan da ake jerawa bisa juna suna ɗauke da nauyin mota. Wancan ya ce ganye ɓata lokaci ne, a cusa tubalin ƙarfe tsakanin sifirin da sandar tayoyi, nan take mota ta miƙe. Da na ga kowa yana kushe na ɗan'uwansa, sai na ce dukkansu akwai abin da suke ɓoyewa, na haɗa duka biyun. Ganye huɗu, tubali huɗu, dogayen kusoshin ɗaurewa, da shokoba huɗu. Mai shagon da na saya a wurinsa ya rantse mini motar za ta tashi taƙi guda cur.

Da na kawo su gida, na shige rumfar baya na rufe ƙofa, na ɗauko ƙusa. Mahaifina yana da alamar da yake yi wa buhunan riɗinsa, zane uku da ɗigo a gefe, ya ce kakansa ne ya zo da ita daga yamma a hanyar hajji. Ita na karce a jikin kowane ƙarfe, a lungun da ido ba zai kai ba. Ban ji kunyar komai ba a lokacin. Har daɗi na ji, na ce na yi dabara.

Usta ya zazzage buhun a gabana, ya ɗaga kowane ƙarfe ya juya shi. Ganyen da shokoba ya gyaɗa musu kai. Da ya zo kan tubalan sai ya ƙwanƙwasa ɗaya da sufana, ya kara kunne. Hausarsa ta mutanen Hartum ce, rabi Hausa rabi Larabci.

"Yaya, ganyen kwayyis. Amma tubalan nan, wallahi ban so muryarsu ba. Kuma a gaba ba a sa tubali, abadan. Ka taka birki da kaya a baya, ya zame, halas."

"Mai shago ya ce taƙi guda."

"Taƙi guda? Da buhu ashirin a baya, a gangaren kwari? Za ta kwanta da kai. Yatsa huɗu ya ishe ka. Sauran taya ce za ta yi, ka sa mai ɗan girma, ita ke ɗaga kurona."

Kurona shi ne tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, kuma gaskiya ne shi ke fara cin ƙasa. Amma ni ba wannan na ji ba. Abin da na ji shi ne, ga mutum yana kushe tubalan da yake so ya rage wa kansa, kuma yana da abokin da ke sayar da taya. Na ce masa ya sa komai yadda na kawo, na tafi.

Kwana uku ya yi a kanta. Kwana ukun nan ban je ko'ina ba. Akwai mai shayi a ƙarƙashin bishiyar da ke fuskantar garejin, can na kafa kujera a bayan wata matacciyar tarakta, ina shan abin da ban yi niyya ba. Na ga yadda ya kwance sifirin ganye-ganye, ya goge tsatsa, ya shafa man giris, ya jera su da haƙuri. Aikinsa da kyau, har haushi ya ba ni, don ban zo ganin kyau ba. A rana ta biyu da hantsi na samu abin da nake jira. Ya fito da wani abu mai nauyi a ƙunshe cikin buhu, ya bi layin maƙera, ya daɗe, ya dawo da buhun ya tura shi ƙarƙashin teburinsa. Da yamma kuma na ga wani ya kawo masa sabon tiyon birki, abin da ba ya cikin kayana. Na ce shi ke nan, an yi musaya.

A gida muna cin tuwo a akushi ɗaya. Yana ba ni labarin yadda aikin ke tafiya, ina cewa madalla, ina kallon hannunsa.

Rana ta uku bayan la'asar ya aiko a ce mini ta gamu. Na tarar da ita tsaye, ta ɗan tashi, ba ta yi wani tsayin a zo a gani ba. Na auna da hannuna, yatsa huɗu, ko gashi bai ƙaru ba. Na tattare rigata na shiga ƙarƙashi, ni da ban iya sunkuyo ba sai da nishi. Ga ganyena huɗu, ga alamata. Ga shokoba, ga alamata. Tubali ko ɗaya babu.

Da a ce na ja shi gefe, da yau wani labarin nake bayarwa. Mai garejin yana zaune a kan benci da wasu manoma biyu da suka kawo gyara, kowa yana jin kowa. Na fito ina kakkaɓe ƙasa, na ɗaga murya.

"Usta, ina sauran kayana?"

Na ga mai garejin ya ajiye kofinsa. Usta ya dube ni, ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa. Ya je ya jawo buhun nan daga ƙarƙashin tebur, ya durƙusa a gabana ya fito da tubalan. Uku lafiyayyu, na huɗun ya rabe biyu. Ya ɗaga mini ɓarin in gani, cikinsa duk ramuka kamar burodi.

"Na kai wa maƙeri ya gwada. Guduma ɗaya, Yaya. Wannan za a ɗora wa ranka da na mutane shida?" Ya nuna ƙarƙashin motar. "Tiyon birki na canza, tsohon ya yi gajere da ta tashi. Wannan daga wajena ne."

Sannan ya yi abin da har yau nake gani. Ya bi tubalan ɗaya bayan ɗaya yana juya su, har zane ukun da ɗigon suka kalli sama, a jere a kan ƙasa, a gaban kowa.

"Na ga alamarka tun ranar farko. Da nake goge tsatsa na kiyaye, kada ta goge ka rasa ta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na yi dariyar yaƙe, na ce ai wasa nake, tsakanin mutum da mijin ƙanwarsa akwai wasa. Ba wanda ya taya ni dariyar. Usta ya ce, "Ma'alesh, ba komai," ya miƙo mini makulli.

Na ɗauka ni kaɗai na ji kunya, maganar ta mutu a nan. Ashe ba haka mutane ke jin magana ba. Manoman nan biyu ba fasasshen tubali suka tafi da shi ba. Abin da suka kai kasuwa shi ne, baƙon nan na Hartum, surukinsa ma da ke ciyar da shi sai da ya yi wa kayansa alama kafin ya ba shi. Kafin mako ya zagayo ba mai kawo masa mota. Mai garejin bai kore shi da baki ba, ce masa ya yi yana bukatar gefen rumfar don ajiye injin. Na je na same shi, na rantse masa laifina ne, mutumin nan ya fi ni gaskiya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hajj, kai da kake kwana gida ɗaya da shi ka san abin da ya sa ka yi."

Bayan ƙaramar salla suka tattara suka koma garin Showak, inda aka ce ana samun gyaran motocin da ke bin babbar hanya. Na roƙi ƙanwata su zauna, na ce gidan nan gidan ubanta ne. Tana naɗe tabarma, ba ta ɗago ba.

"Na sani, Yaya. Ka duba kwanukan kafin mu tafi, ko akwai mai alamarka a ciki."

Wannan magana ta fi mari zafi, kuma na cancance ta.

Damina biyu ke nan boksina tana zuwa Simsim tana dawowa. Na sa tayar da Usta ya ce, cikinta bai sake taɓa tudu ba. Da kaka na ɗora mata riɗi na bi gangaren kwari, ta sauka daram, ina riƙe da sitiyari ina jin nauyin abin da na yi. Na je Showak sau biyu. Yana aiki a ƙarƙashin tamfol a bakin titi, rana tana dukansa. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini shayi, ya leƙa ƙarƙashin motar ya ƙara ɗaure kusoshin sifirin. Da na ce ya dawo, na yi masa magana da wani garejin, sai ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da kowa ya san ma'anarsa.

Tubalan kuwa, na jefa su bayan rumfa don kada in ƙara ganinsu. Wata safiya na fito na tarar matata ta kafa ukun lafiyayyun a tsakar gida, ta hura gawayi a tsakaninsu, ta ɗora butar gahawata. Ta juya su yadda zane uku da ɗigon ke kallon daidai inda nake shimfiɗa buzuna. Na tambaye ta, ta ce ba komai, tsayinsu ne ya yi daidai da butar.

Ban yarda da ita ba. Amma ban ce ta ɗauke su ba, a kansu ake dafa mini gahawa kowace safiya.