Takobin Maman Miracle

Duk wanda tocilarsa ta taɓa mutuwa a Birnin Gwari ya san Bakoji. Shagonsa na bayan tasha, wani ɗan lungu mai duhu da ko taga babu, nan ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo da tocila. In dai maganar batir ce ba ya yarda a fi shi sani. Yakan ɗora harshe a kai ya gaya maka kwanakin da suka rage masa.

Matarsa Comfort kuwa shekara goma sha ɗaya tana wasan kwaikwayo a zumuntar matan cocinsu, kullum cikin taron jama'a ake cusa ta, wata shekara ma bishiya ta fito. Bana aka ce ita ce mala'ikan da ke tsaron gonar Aidan da takobin wuta. Bakoji ya bugi ƙirji ya ce ba kwali za ta riƙe ba, nata takobin sai ya kama da wuta a gaban kowa. Kafin ya rufe baki ta baza wa mata.

Ya samo farin tiyo, ya jera ƙananan jajayen ƙwayayen fitila a ciki, ya yi ƙota da bututun roba, ya zura siraran batura uku irin na rimot. Takobi ya kama jawur, har bangon shago ya yi ja. Ya ɗauke shi da tsakar rana sai gida, yana taƙama. A tsakar gida ya danna, sai ga wani ɗan ja-ja kamar garwashin da toka ta rufe.

"Baban Miracle, wannan ne wutar?" in ji Comfort.

Ya koma shago ya danna, takobi ya kama. Kansa ya ɗaure. Ya ce girgizar hanya ce ke sassauta batura, ya naɗe su da roba. Bai yi ba. Ya sa manya irin na rediyo, ƙota ta yi nauyin da Comfort sai da hannu biyu take ɗagawa, hasken kuma yana nan jiya-i-yau. Maƙwabcinsa Mustapha mai cajin waya ya ba shi batirin waya, nan ma a shago wuta, a gida toka. Haushi ya sa ya jona batirin babur, ƙwayayen suka yi fat, suka mutu gaba ɗaya, sai wari. Ya sake jera wasu, ya mayar da siraran nan uku, ya zauna ya zuba musu ido. Kunya ta ishe shi, har ya fara zargin harshensa.

Ana jibi wasa, Comfort ta karɓi takobin ta ce za ta riƙe shi haka nan. Ta shiga ɗaki za ta tura shi ƙarƙashin gado, yatsanta ya taɓa makunni, sai ɗakin ya yi jawur.

"Baban Miracle, zo ka gani. Batirinka lafiya lau. Rana ce ta fi ƙarfinsa."

Bakoji ya tsaya sororo. Shekara talatin yana gyaran fitila, ba wanda ya taɓa neman ta yi masa haske da azahar. Ga shi kuma tun da 'yan bindiga suka cika dajin yankin an mayar da taron cocin tsakar rana, don mutanen ƙauye su isa gida da sauran haske. Cocin nan kuwa taga takwas gare shi, duk ba marfi.

"To wane batir ke kashe rana?" ya tambaya, da gaske yake.

"Bar mini wannan," in ji ta.

Ranar wasa kowace mace ta zo da zani na biyu. Da aka zo wurin korar Adamu da Hauwa'u a wasan, aka ce maza su fita su rufe tagogi da zannuwan daga waje. Bakoji ya samu ta ƙarshe, iska na fizgar zanin, hannuwansa biyu a sama. Yana ta lissafi a zuci ko da batir huɗu ya sa da ya fi. Sai cocin ya yi tsit. Can wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ya ji muryar Comfort tana cewa ba mai wucewa ta nan, da wani ƙarfi da bai san tana da shi ba.

Ya so ya ɗaga gefen zanin ya leƙa ko sau ɗaya. Ya san in ya ɗaga rana za ta shiga. Ya ƙara danne shi da bango, idonsa na kawo ruwa, bai saki ba sai da aka gama tafi.