Etelka Mai Raɗa

A birnin Szeged, in ka zauna da tsofaffin da suka yi aiki a gidan wasan waƙa, 'yan kaɗan ɗin da suka rage, ba za a daɗe ana hira ba sai sunan Etelka ya faɗo. 'Yar masunci ce, a bakin kogin Tisza aka haife ta. Ta tashi da murya wadda in ta ɗaga ta tana wanki, masu kwale-kwale a tsallake sukan dakata da tuƙi. Muryar ce ta kai ta gidan wasan tana budurwa, aka sa ta cikin 'yan amshi, kowa yana cewa yarinyar nan za ta yi nisa.

Allah bai nufa ba. A sanyin da ya biyo bayan yaƙin duniya na biyu ciwon maƙogwaro ya kwantar da ita, likita ya yi mata aiki. Ta tashi da ranta, amma muryar ta tafi, sai wata 'yar siririya mai kaushi da ba ta wuce tsakar ɗaki.

Ranar da ta je kwashe kayanta ta yi kiciɓis da Kálmán Dombrádi, sabon jagoran makaɗa da aka kawo, saurayi dogo siriri mai faffaɗan kunne. Ta girme shi da kaɗan, don haka Yaya yake ce mata.

"Yaya, ina zuwa da ƙunshi haka?"

"Gida mana. Ka taɓa ganin an ajiye kazar da ta daina ƙwai?"

"Waƙoƙin nan fa, suna kanki?"

"Har da na maza."

"To ajiye ƙunshin. Mai raɗarmu ya kurumce, jiya sai da ya ba sarki baitin baiwa."

Haka ta samu aikin da ya zame mata suna. A bakin dandamali akwai wani ɗan rami mai murfi, 'yan kallo ba sa ganin na ciki, mawaƙa kuwa suna gani. Nan mai raɗa ke zama. Kafin mawaƙi ya shiga baiti sai ta jefa masa kalmar farko, kuma da ɗan madubi a gefenta tana ganin hannun jagora da ke bayanta, ta miƙa wa mawaƙa bugun da yatsa. Akurki take kiran wurin. Muryar da ba ta isa waƙa ba sai ta zo daidai da raɗa, tana shiga kunnen mawaƙi ba ta tsallaka zuwa kujeru.

Shekarun nan ne ta fi yawan ba da labarinsu da ta tsufa. Ba itacen jin ɗumi, masu goge suna kiɗa da safar hannu da aka yanke wa yatsu, rigunan sarauta daga tsofaffin labule aka ɗinka su, amma gidan kullum a cike. A nan ta auri Bertalan, direban ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, mutum mai sanyin hali wanda ke zuwa kallo don ya faranta mata, ya yi barcinsa a kujerar baya.

Sai kakar 1956 ta zo, tankokin yaƙi suka shigo ƙasar, mutane suka riƙa tsallakawa Ostiriya da ƙafa. Wata safiya Kálmán ya shigo musu, ya tarar da ita tana shirya jan barkono a zare, jaririyarta a cinya.

"Yaya, gobe zan tafi. Akwai wuri a motar. Ku zo, ke da Bertalan da yarinya."

Ta dubi ƙofar ɗakin da mahaifiyarta ke kwance, tsohuwar da ba ta iya ko tashi zaune.

"Wa zan bar wa ita?"

Bertalan ya ce, "Ni ma layin jirgina bai kai Viyana ba."

Ba wanda ya yi dariya. Etelka ta cire zaren barkono guda daga bango ta cusa masa a aljihu, ta ce ya riƙa rufe wuyansa. Ya fita bai waiwayo ba.

Daga nan sai a rediyo. Sauraron tashoshin waje ba abin da ake yi da ƙarfi ba ne a lokacin, don haka takan rage murya ta manna kunne. Yau a ce yana Viyana, baɗi a ce Buwenos Aires, wata shekara a ce Sidni. In aka sako kiɗan, da jin shigar goge take gane hannunsa. Sai ta ce wa Bertalan, "Ka ji shi? Har yanzu yana da gaggawa." Jagorori sun zo sun tafi a Szeged, ta yi aiki da kowa lafiya, amma ba ta ƙara jin daɗin duba madubin nan kamar da ba.

An ɗauki kusan shekara ashirin a haka. Mahaifiyarta ta rasu, Bertalan ma ya bi, 'yarta ta yi aure. Gwamnati ta ɗan sassauta fita. Wata rana da hantsi mai gadi ya leƙo akurki ya ce ana nemanta a waya daga ƙasar waje.

"Yaya, kina raye?"

"In na mutu da wa kake magana?"

Ta ji dariyarsa, ta ji kuma ta tsufa. Ya ce ya gaji da masu raɗa da ba su san hannunsa ba, zai aiko da takardun gayyata, ta zo ko na shekara guda ne. Ta ce za ta yi tunani. Kafin ta kai gida ta biya kasuwa ta sayi akwati.

Shekara guda ta zama da yawa. Matar da ba ta taɓa wuce Budapest ba sai ga ta a Milan, a Tokiyo, a Mekziko. A gaban jama'a Malam take ce masa, in sun keɓe ya koma Kálmán ɗinsa. Ba ta koyi yaren kowa ba. Da Hungariyanci take yi wa manyan mawaƙan duniya faɗa, su kuwa suna ganewa sarai, suna ce mata Inna. Duk inda suka sauka da garin barkononta a cikin rigar filo, ta nemi kifi ta haɗa miyar Szeged a ɗan risho, masu masauki suna ƙorafin ƙamshi ya cika bene. Kifin Tokiyo ta yaba masa, sai dai ta ce ba shi da ɗanɗanon laka. Kálmán yakan sha miyar hawaye na zuba, ya ce yaji ne.

A Lizbon abin ya faru, a wasan la'asar na wata Lahadi. Ana tsakiyar waƙa, babbar mawaƙiya tana shirin shiga baitinta, Etelka ta duba madubi ta ga hannun Kálmán ya tsaya a sama. Fuskarsa ta koma kamar ta wanda ya ɓata a kasuwa. Kiɗa ya fara rawa, kowane makaɗi yana neman ɗan'uwansa. Etelka ta fito da hannunta sosai ta kama bugun, ta jefa kalmar, mawaƙiyar ta bi ta, shugaban masu goge kuma ya bi mawaƙiyar. Can Kálmán ya yi firgigit, sandar da yake jagorar kiɗa da ita ta sauko, ya karɓi abinsa. 'Yan kallo ba su san an yi ba.

Da aka tashi ta same shi a ɗakin canza kaya, zaune, bai ko cire rigar ba.

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Rannan na fita sayen burodi na manta hanyar masauki. Yaya, waƙar nan tun ina saurayi nake bugunta, yau na dube ta ban san ta ba."

"Ka je wurin likita?"

"Ya ce gaba za ta yi, ba baya ba."

Ta zauna kusa da shi ta ce, "Mu je gida, Kálmán."

"Wane gidan? Ni da na gudu na bar ku?"

"Gudu ka yi, ba sata ka yi ba. Tashi ka cire rigar nan, duk ta jiƙe."

Ya ƙarasa wasannin da ya yi alkawari, tana tsaye a kansa, sannan ya ajiye sanda da mutuncinsa. Jaridu suka ce gajiya ce. Matarsa, wata Ba'ostiriya, ta riga ta rasu, ba su haihu ba, don haka ba abin da zai riƙe shi. Ya kama ɗaki a layinsu Etelka, mai taga da ke kallon kogi.

Da farko yakan leƙa gidan wasan, matasan makaɗa su kewaye shi suna tambaya. Sannu a hankali garuruwan suka fara zubewa daga kansa. Sidni ta tafi, Tokiyo ta tafi, har Viyana. Wata rana ya kira Etelka da sunan mahaifiyarsa, ta amsa. Kullum da hantsi takan riƙo hannunsa su je benci a bakin ruwa, ta ɓare masa tuffa, shi kuma yana yi wa agwagi faɗa wai ba sa shiga tare.

Ya rasu farkon bazara. Etelka ta zaci mutum goma ne za su zo jana'iza, sai ga motoci daga Budapest, da baƙi daga ƙasashen da ta manta ta je. Makaɗa suka yi masa kiɗa a maƙabarta cikin yayyafi, ba jagora a gabansu. Wata ƙatuwar mawaƙiya 'yar Ajantina ta durƙusa ta rungume ta tana kuka da ƙarfi. Etelka ta bubbuga mata baya ta ce, "Tashi 'yar nan, ƙasa da sanyi, gobe za ki ce maƙogwaro." Ta kwashe su duka zuwa gidan 'yarta, aka ari kujeru a maƙwabta, aka ci aka sha har yamma.

Ta ƙara shekaru bayansa, tana zuwa share kaburbura biyu, na Bertalan da na Kálmán, duk Asabar har ƙafa ta gaza. Da ciwon ajali ya zo, shugabannin gidan wasan suka aiko cewa akwai fili kusa da kabarin Kálmán, a ɓangaren manya, in tana so. Ta ce wa 'yarta ta yi musu godiya.

"Kusa da babanki za ku sa ni. Kálmán aiki ne ya haɗa mu, kuma na yi masa iya yina. Bertalan kuwa ya daɗe yana jira, bai taɓa ƙorafi ba."

Haka aka yi.