Gurbin Wule a Dangwalin Baba Shu'aibu

Juma'a, 17 ga Oktoba, 2025. Aikin farko: tatsar Kyauta. Ni na riƙe maraƙa, Sa'adatu ta tatsa. Lita uku da rabi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce, 14 ga wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Shu'aibu a rugarsa da ke yamma da Urafan, bayan jinyar kwana tara. An ce ya haura saba'in da biyar. Shi kam bai ƙirga shekaru, bai kuma ƙirga shanu. Sunayensu yake kira, su taho. An yi jana'izarsa bayan azahar, jiya kuma aka yi sadakar uku.

Ƙungiyarmu ta masu madara ta ce ni, sakatarenta, in rubuta ta'aziyyar da za a karanta a taron wata. Na rubuta sau biyu, na yaga. Shafi guda na yabo suke so. Wanga da nake rubutawa ban sani ba ko za su bari a karanta shi. Amma da kai nake magana, Baba, ba da su ba.

Tun zamanin mahaifina Audu garkenka ke sauka gonarmu in an cire amfanin gona. Shanunka su ci kara, gonarmu ta samu taki. Babu takarda, babu shaida, kuma ban taɓa jin kun ɗaga wa juna murya ba.

A shekarar 2018 na dawo gida hannu rabbana, aikin koyarwa na kwantiragi ya ƙare. A lokacin an yaye ɗiyata Mardiya, tamowa ta kama ta. Ka zo gaishe mu, ka ɗaga hannunta ka duba kamar yadda kake duba ƙafar maraƙi, ka ajiye. Bayan kwana uku sai ga ka da karsana ja mai farin goshi, da tsohon ciki.

“Sunanta Wule,” ka ce. “Habbanaye ce, aron saniya irin namu. Haihuwa uku: ɗiyan naka, uwar ta dawo gida. Ba a dukanta, ba a sai da ta, ba a yi mata abin da mai ita bai sani ba.”

Na rubuta sharuɗɗan nan uku a kaye, littafin rubutuna, a ranar. Suna nan har yanzu, da rubutun hannuna.

Daga baya na ji ƴan'uwanka sun yi ta tsokanarka: habbanaye ga kaɗo, wanda ba Bafillace ba, kaɗon ma ɗan lakwal, wato ɗan boko, wanda bai san gaban saniya da bayanta ba. Aka ce ka amsa musu, “Wanda ya iya riƙon bik ɗin rubutu ai zai iya riƙon hantsa.” Ban iya ba, Baba. Da ta haihu, Wule ta shure ni ranar tatsar farko, ƙwarya ta kife. Matarka Inna Kadijatu ce ta yi safiya bakwai tana tahowa a ƙasa, har matata Sa'adatu ta iya. Mace Wule ta haifa, Mardiya ta sa mata suna Kyauta. Kafin damina ta zagayo, yarinyar da ake ƙirga haƙarƙarinta ta fara tsere da ƴan awaki.

Sai daga baya na fahimci abin da ka ba ni. Wule jikanyar jikanyar saniyar mahaifiyarka ce, wadda ita kaɗai ta tsira a garkenku a farin tamanin da huɗu. Irin azawak ne mai jure ƙishi, mai ba da madara ko a tsakiyar bazara. Na taɓa tambayarka don me ba ka ba ni wata mai sauƙin daraja ba. Ka dube ni kamar na zage ka. Ka ce habbanaye ba shara ba ce.

Ba ni kaɗai na ci alherinka ba. Bijiminka ya yi wa shanun ƙauye biyar barbara, ba ka taɓa karɓar ko goro ba. Asalin kowace saniya daga nan har Mayahi yana cikin kanka. Na tuna ranar da Ɗanbaba mai awo ya jawo wata da ya sayo a kasuwar Mayahi don a yi mata barbara, yana ta cika baki cewa daga nesa take. Ka zagaya ta sau ɗaya, ka duba kunne da ƙaho, ka ce, “Mai da ta. Bijimina ubanta ne. Je gun Hamza, shi ma yana da bijimi, nashi bare ne a gare ta.” Ɗanbaba ya yi fushi, ya je ya bincika, ya dawo yana sosa ƙeya. Da muka kafa ƙungiya, kai ne ka shawo kan matan ruga su yarda su kawo madara ɗanya wurin tarawa, alhali sun fi sabawa da ɗaukar nono a ka zuwa kasuwa. Ba ka nemi kujera ba. Ko a hoton buɗe wurin babu kai, kana baya kana riƙe da jaki.

Yanzu sai abin da na yaga takarda biyu a kansa.

A daminar 2022 wani furoje, irin shirin raya karkara ɗin nan, ya zo da irin shanun waje, wanda ake ɗura wa saniya da hannu ba tare da bijimi ba. Suka nuna mana hotunan shanu masu baƙi da fari, suka ce guda tana ba da lita ashirin. Suka ce a kawo sunayen shanun gwajin farko cikin kwana biyu. Ka tashi a taron ka yi tambaya ɗaya: ɗan da uban ya kai girman wancan, ta ina zai fito daga shanunmu? Shugabanmu Mahaman ya ce, “Baba, wannan zancen kimiyya ne,” mutane suka yi dariya. Ka zauna. Ni ke rubuta rahoton taron, kuma ban saka tambayarka a ciki ba.

Mutane suka noƙe, takarda ta zauna fara. Mahaman ya ce ai sakatare shi ya kamata ya fara, shi da ya yi boko. Kyauta tana da ciki a lokacin. Wule ce kaɗai ba ta da shi, haihuwarta ta uku ake jira. Na san uwarta ta tsufa ta mutu. Na san ƴar'uwarta ciwon huhu ya tafi da ita. Na san a duk zuriyar nan ita ta rage maka. Rugarka tafiyar awa ɗaya ce a ƙasa. Na ce a raina in ta haifi mai lita ashirin zan kawo maka albishir, ka ga ɗan lakwal ma ya san wani abu. Na rubuta sunanta a layi na ɗaya.

Ban ce irin waje sharri ne ba. Akwai wanda saniyarsa babba ce, ta haihu lafiya, yana tatsa har yau. Wataƙila da sun zaɓi shanu da kyau, da sun tsaya har haihuwa, da labarin ya sauya. Ban sani ba. Abin da na sani, nawa laifin ba na kimiyya ba ne. Saniyar ba tawa ba ce.

Naƙuda ta kama ta ranar 9 ga Afrilu, 2023, da rana tsaka, ƙasa kamar garwashi. Ƙafafu suka fito, kai ya ƙi. Na kira lambar da ƴan furoje suka bar mana, a kashe. Likitan dabbobi yana wani gari, moto, wato babur ɗinsa, babu isans, mai ya ƙare. Sa'adatu ce ta aika maka, ni na kasa. Ka iso da gudu, kai da ban taɓa ganin ka ɗaga ƙafa ba. Ka tuɓe riga, ka sa hannu har kafaɗa. Da la'asar ka zaro maraƙa ƙatuwa mai baƙi da fari. Ka dube ta, ka dube ni. Wule ta riga ta yage, jini ya ƙi tsayawa. Ka dafa goshinta, ka yi mata magana da Fulatanci a kunne, sannan ka ce a ba ka wuƙa. Kai ka yanka ta da hannunka, don kada ta yi mushe a gidana.

Kana wanke hannu na fara kame-kame. Ka ce, “Habbanaye in ta mutu ba a biya. Haka al'ada take.” Ka ƙara da cewa, “Da dai ka tambaye ni, ɗan Audu.” Naman ma ba ka ɗauka ba.

Ƴan furoje sun dawo bayan wata guda da na'urar hoto. Suka tsayar da ni kusa da maraƙar, suka ce in yi murmushi, na yi. Maraƙar ba ta ga bazara ta biyu ba; haki ta yi ta yi a inuwa har ta kwanta. Su kuwa wa'adinsu ya cika, sun tafi. Firigon sanyaya madara da suka ba mu ya lalace tun bara. Allonsu ne kaɗai ke tsaye a bakin hanya, fentinsa ko kwarzane babu.

Kai kuma ba ka sauya mini fuska ba. Kaka ta yi, ka sauke garkenka a gonata kamar kullum. Ka ci gaba da kawo wa Mardiya man shanu. Da ka zage ni a kasuwa da na samu sauƙi.

Na san abin da ya kamata in yi tun ranar. Jinin Wule bai ƙare ba, yana jikin Kyauta, a turkena. Al'ada ta ce tawa ce, amma al'adar ta mutumin da ya kiyaye sharaɗi ce. Ni mutum ne mai rubuta ayyukan gobe kafin in rufe kaye. Jiya na ɗauko kayuna na shekara biyu da rabi na bi su shafi shafi. “Kai Kyauta ruga.” Sau arba'in da ɗaya na rubuta shi. Kowane lokaci da dalilinsa a gefe: sai ta haihu, sai an yaye, sai damina ta sauka, sai na yi wa Sa'adatu magana, don nonon nan shi ne cefanenta. Na ƙarshe na rubuta shi ne ranar da aka ce kana kwance. A gefensa na sa: in ya samu sauƙi.

A wurin sadakar uku Mahaman ya tashi ya ce marigayi na daga cikin dattawan farko da suka rungumi ci gaba a harkar madara. Ya ce in rubuta haka a rahoto. Na rubuta, Baba. Hannuna ya saba.

Ɗanka Hashim, da ke tuƙin mota a Maradi, ya faɗa mini in an raba gado za su kai shanun kasuwar Tasawa, don babu mai kiwo. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Amma daga nan na gane cewa in na mayar da Kyauta a matsayin biyan Wule, cikin gado za ta shiga, a loda ta a mota tare da sauran. Na makara ko da biya ne.

Na je bakin bukkar Inna Kadijatu na durƙusa, tana ciki cikin takaba. Na yi mata gaisuwa. Ta ce in dubi dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere. Na duba. Kowane gurbi da maraƙinsa, sai na farko, na can kai, babu komai.

“Nan aka ɗaure Wule tana ƙarama,” ta ce. “Nan aka ɗaure uwatta. Tun da ya kai maka ita bai sa kowa a wurin ba, wai na ɗiyar da za ta haifa ne in ta dawo. Da ta mutu na ce ya cike gurbin, ya ce in bari, ɗan Audu shina tafe.”

Na ce, “Inna, in na kawo Kyauta da maraƙarta habbanaye, a gare ki ke kaɗai, ba cikin gado ba, za ki karɓa? Habbanaye ba mai sai da ta.”

Ta ce, “Ba a tambayar mai takaba ko tana son nono. In za ka kawo, kawo. In kuwa rubutawa za ka yi, je ka rubuta.”

Ashe har a ruga an san halina.

Allah Ya jiƙanka, Baba Shu'aibu. Allah Ya yafe maka kurakuranka kamar yadda ka yafe wa wanda bai ko nemi yafiya ba. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa kowane kurɓi da yaro ya sha ta dalilinka ya zama nauyi a mizaninka. Allah Ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Kadijatu, da Hashim, da ƙanwarsa Zara'u da ke zaune da Inna, da jikoki, da duk mai saniyar da jinin bijiminka ke jikinta. Allah Ya ba su haƙurin rashi. Mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, kada ta iske mu da alheri a rubuce ba a aikace ba.

Gobe Asabar, in Allah Ya kai mu:

1. Gaya wa Sa'adatu. Har yanzu ban faɗa mata ba.
2. Tatsar ƙarshe. A ba Mardiya, kada a kai wurin tarawa.
3. Soke maganar Mahaman daga rahoto. Nemo rahoton daminar 2022, a saka tambayar Baba a wurinta.
4. Kiran Hamza da Ɗanbaba su zama shaidu gaban Hashim.
5. Harawa dami biyu, dusa, kanwa.
6. Kai Kyauta ruga. Ɗaure maraƙarta a gurbin farko. Wanga shi ne rubutu na arba'in da biyu, kuma ban bar fili a gefensa ba.