Ƙararrawar da Baba Ya Ɗaure wa Baki

Shekara tara ke nan da aka fita da Baba daga gidanmu na unguwar Dar es Salam a Yamai zuwa makwancinsa, amma har yau in na zo tsallaka layin dogon nan na hanyar filin jirgin sama sai na ja na tsaya, na dubi dama na dubi hagu. Na san babu abin da ke tafe. Tumaki ma sun sani, tunda a kan ƙarfen suke kwanciya suna tuƙa. Masu kabu-kabu kan bi ni da kallo kamar wadda ta yar da wani abu, ni kuwa ba na iya ɗaga ƙafa sai na duba, don kuwa haka Baba ya koya mana.

Mutumin Maraɗi ne, amma ƙuruciyarsa duk a tashar jirgin ƙasa ta Faraku ya ƙare ta, can ƙasar Benin, inda dogon da ya taso daga Kwatano ya tuƙe, ake juye kayan Nijar cikin manyan motoci. Aikinsa kaɗa ƙararrawa da ɗaga tuta. Bai taɓa shugabantar tasha ba, amma da ya ajiye aiki ya dawo Yamai sai 'yan unguwa suka laƙaba masa Shefdagar, wato shugaban tasha. Ba'a ce, shi kuwa ya karɓe ta hannu bibbiyu.

Ya ba su dalilin ba'ar. Ɗakin da ke bakin titi, wanda kowane mai hankali zai zuba wa shinkafa da sabulu ya zauna ciniki, shi sai ya mai da shi tasha. Ya sa magini ya huda bango ya yi 'yar taga mai sandunan ƙarfe irin ta sayar da tikiti. Ya kafa benci na katakon da ake shimfiɗa dogo a kai, baƙi, mai warin kwalta in rana ta yi zafi. Ya jera fitilarsa mai gilashi ja da kore, da tutocinsa biyu, da almakashin huda tikiti, da hular aikinsa wadda gumi ya ci bakinta. Malaman lakwal, wato makarantar boko, sukan kawo yara su ga kayan jirgin da ba su taɓa gani ba, Baba ya shiga bayan taga ya yanka musu tikitin kwali zuwa Kwatano, su zauna a benci, ya ba su labarin kowace tasha har teku.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa. A bakin ƙofa ya rataya ƙararrawar tagulla da aka ba shi kyautar sallama, ya naɗe harshenta da farin ƙyalle ya ɗaure tam. A aikinsu, in ji shi, ba a kaɗa ƙararrawar tasha don wasa ko gwaji. Duk wanda ya ji ta zai miƙe ya ɗauki kayansa, saboda haka kaɗa ta babu jirgi ƙarya ce aka yi wa jama'a. Ya ce ranar da jirgi ya sauke fasinja a Yamai, ranar za a kwance ta. Inna, mahaifiyarmu, takan ce masa jiran gawon shanu yake yi, ya yi dariya ya ce ai gawon yakan faɗo.

Da aka fara shimfiɗa dogo a garin nan, aka gina tasha sabuwa fil, mun ɗauka gawon ya faɗo ke nan. Ranar da aka nuna jirgin na raka shi, yana sanye da hular nan, ƙafa ta riga ta fara ba shi wahala. Ya daɗe yana kallon ginin da dandamalin tsayawar fasinja, sannan ya nemi wurin sayar da tikiti ya tsaya a gabansa, babu kowa ciki. A taksi na tambaye shi ko yau za mu kwance ƙyallen. Ya ce, "Ɗiyata, kin ga mai buhun albasa ya sauka? Kin ga tsohuwa da kaji? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Da ciwo ya kwantar da shi, ni ya kira ya ɗora wa abin. Ya ce in ya tafi kafin ranar, ni zan kaɗa, kuma kada in kaɗa kafin ranar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yashi ya binne ƙarfen a wurare da yawa, masu kayan miya sun baza tumatir a gefensa, yaran da ya yanka wa tikitin kwali wasu sun yi aure ba su ji kukan jirgi ba. Ba na jin zai yi fushi. Ina jin zai tsaya a bakin layin ne kawai ya dubi dama da hagu, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Wani lokaci da la'asar in na shiga ɗakin, warin katakon nan ya tashi, sai in kasa duban tagar, don gani nake akwai mai jiran in faɗi inda za ni.

Bana damina ta tsaga bangon ɗakin. Yaya Sani, babban wanmu, ya ce a rushe a yi shago, matarsa ta samu wurin ɗinki maimakon jigila zuwa kasuwar Wadata kullum. Ban ga laifinsa ba, yana da bakuna da yawa a gida. Fitila da tutoci na kwashe zuwa ɗakina. Da na zo sauke ƙararrawa sai Inna ta sa aka kawo ta ta zauna a bencin, idonta yanzu sai dishi-dishi. Ta ce, "Hadiza, tun ina da ƙarfina nike goge abin ga, ban taɓa jin muryatai ba. Kwance ki kaɗa min sau guda kahin in tahi."

Alkawari kaya ne, amma uwa ce ke roƙo, kuma ita ce a raye. Na daɗe tsaye, sannan na hau kujera na fara kwance ƙullin. Ƙyallen ya ruɓe, yana marmashewa a yatsuna. Na kama igiyar ke nan sai na ji hannunta ya laluɓo zanena.

"Bari," in ji ta, a hankali. "In ya ji, cewa zai yi jirgi ya iso. Kada mu tashe shi a banza."

Ta kwance ɗankwalinta ta miƙo mini, da shi na sake ɗaure harshen.

Ɗakin ya tafi, keken ɗinki ke kuka a wurin yanzu. Baba bai bar mana fili ko mota ba. Ya bar mutum biyu da ba sa iya yi masa ƙarya ko yana cikin ƙasa, da ƙararrawa ɗaya a kan durowata wadda nake gogewa duk Juma'a. Allah Ya jiƙan Shefdagar, Ya sa ya sauka a tasha tagari. Ni dai na riga na nuna wa 'yata yadda ake kwance ƙullin.