Wasiƙar Kawu zuwa Fanya

Ban taɓa sha'awar Sifaniyanci ba. Faransanci nake karanta a jami'a, ina zaune a unguwar Mairi, kuma shi ma da ƙyar nake ja. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya jefa ni cikin wannan wahala.

Mahauci ne. Da ƙuruciyarsa ya tafi tsibirin da muke kira Fanya, inda ake noman koko ana jin Sifaniyanci, ya yi shekaru yana sayar wa leburori nama. Can ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace. Da zama ya ɓaci aka kwaso 'yan Najeriya a jirgin ruwa, matar ta ƙi biyo shi, ta riƙe yarinyar. Shekararta shida lokacin. Ya dawo da akwati ɗaya, ya kama ɗaki a unguwar Bolori, bai sake aure ba.

Shekara goma sha biyar bayan haka ciwon suga ya fara cin ƙafarsa. Na je gaishe shi wata Juma'a, ya ce, "Wushe, sannu 'yata. An ce kina karatun yaren Turawa. Wasiƙa za ki rubuta mini, ina so yarinyar nan ta san ina raye kafin a yanke ƙafar."

Na ce yaren ba ɗaya ba ne. Ya ce ai duk Turawa ne. Haushi ya kama ni, amma na dubi ƙafar na amince. Shi yana jin yaren a baki, irin na kasuwa, sai dai ko baƙi ɗaya bai iya rubutawa ba.

Wani malaminmu ya ara mini tsohon littafin nahawu, bangonsa ya cire. Cikin wasiƙar bai ba ni wuya ba, layi shida ne. Bayan ambulan ne ya sha ni. Kawu ba shi da lambar gida, ba shi da sunan titi. Kwatance yake da shi, yadda muke yi a nan in za mu ba direban mota saƙo: a kai wa mai shayi na gindin dalbejiya, shi zai miƙa. A ganinsa ma'aikacin gidan waya na can ma haka zai yi, ya sauka ya tambayi mutane.

Don haka na zauna a kan babi guda, na kalmomin da ke raɓar suna kai tsaye su fayyace shi. 'Yar ƙaramar kalma a gaba, sifa a baya, kowace ta dace da sunan, mace da mace, jam'i da jam'i. Mako uku ina kai da kawo tsakanin Mairi da Bolori. Shi ya faɗa, ni in juya. Farin gida. Doguwar rumfa ta shanyar koko. Tsohuwar rijiya. Na cika bayan ambulan har na rasa inda zan manna kan sarki. Na san ba za ta isa ba. Na sani sarai, amma na ji daɗin yadda jimlolina suka fito tsaf, na kai gidan waya ina taƙama.

An yanke ƙafar kafin wata biyu. Duk zuwan da zan yi asibiti, kafin in ajiye kwanon abinci zai ce, "Shiru?" In ce shiru.

A wata na biyar wasiƙar ta dawo ta akwatin wasiƙu na sashenmu a jami'a, ba a buɗe ba, an bubbuga mata hatimi an ja layi a kan kwatancen. Na yi kwana tara da ita a jaka. Rana ta goma na gaji da ƙarya, na je ɗakinsa na ajiye masa a kan tabarma.

Ya juya ta, ya sake juyawa. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce, "Laifina ne. Gidan na kwatanta, ban kwatanta yarinyar ba. Ɗauko biro."

Na ɗauko.

"Ki ce siririya ce, baƙa. Ki ce ba ta da haƙoran gaba, biyu na sama sun faɗi. Kowa a layin ya san ta da giɓin nan."

Da na rubuta kawai, da babu abin da zai rage ni. Amma ina da baki, kuma na gaji da rana da motar haya da warin ɗakin. Na ce, "Kawu, shekararta ashirin da ɗaya fa. Haƙoran nan sun fito tun tuni. Wataƙila ma tana da 'ya'ya."

Ya dube ni kamar na faɗa masa rasuwa. Ya daɗe yana motsa leɓe, ina jin lissafin shekarun yake yi. Na yi nadama nan take, kuma har yau ina yi.

Can ya ce, a hankali, "To, da me zan kwatanta ta?"

Na riƙe biro ina jira. Ya miƙa hannu ya ja zanensa ya rufe dungun ƙafar, ya ce in tafi kada in rasa mota. Ya rayu wata bakwai bayan wannan, ina zuwa duk Juma'a, bai ƙara ce mini "shiru?" ba.