Ranar da aka kore ni daga aikin tafinta

Shekarun baya, wajen bakwai ke nan, na ɗauki mahaifiyata daga Malanville na kai ta Parakou neman likitar da ba ta allura. Jiya wata a cikinku ta rubuto mini tana tambayar inda za ta samu mai sauraren damuwar mutum, sai abin ya dawo mini sabo fil. Bari in ba ku labarin, har da inda na yi abin kunya, don ni ce da iyayina na kusa ɓata aikin gaba ɗaya.

Yayana shi ne ɗan farin mahaifiyata. Ku da kuka tashi a irin gidajenmu kun san yadda abin yake: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana nemansa sai ta ce, "Ina wancan?" ko "Ku kira mini yayanku." Shi kuwa ɗan kasuwar albasa ne, yana loda buhuna daga Garou yana kaiwa Kwatano. In yana gari, kowace safiya sai ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri daban. Amma babbar tsokar kifin da ke cikin tukunya, duk gidan mun san kwanon da za ta faɗa.

Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke shi. A zaman makoki mata suka yi ta yaba mahaifiyata. "Kai, wagga baiwar Allah akwai kunya, akwai tawakkali! Ko ɗigon hawaye!" Har da ni a masu jin daɗin yabon.

Bayan sadakar arba'in kowa ya koma harkarsa, ita ba ta koma ba. Tana da rumfa a babbar kasuwa inda take sayar da kayan yaji da gabu, wato busasshen ganyen albasa da ake dakawa a dunƙula don miya. Rumfar ta rufe. Matar da in tana faɗa da mai ruwa ana jin muryarta gida uku, ta koma daga "to" sai "a'a". Abinci loma biyu ta ture kwano. Zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta har ya yi saura. Mun yi rubutu, an yi sauka, malam ya yi tofi, mun sayi maganin ƙarin jini kala-kala. Wata takwas muna haka. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don a gaban idona nake ganin uwata tana bin ɗanta a hankali.

A gidan likita na garinmu akwai wani tsohon ma'aikacin jinya, majo muke ce masa. Ya auna mata tansiyo, wato hawan jini, ya duba jini, sannan ya ja ni gefe.

"Malama, jikin tsohuwa lahiya lau shike. Abin cikin rai ne. Akwai masu aikin wanga, ba su ba da ƙwaya, zama suke su saurari mutum. Ni dai ban san ko guda ba a nan. Ki gwada Parakou."

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, kuma a lokacin ina ji da Faransancina ba kaɗan ba. Da aka ba mu hutu na tafi ni kaɗai in fara nemo wurin. Ɗan kabu-kabun farko da na ce ya kai ni wajen likitan damuwa, sai ya sauke ni a ƙofar wani mai maganin gargajiya da aka zana wa cututtuka goma sha a jikin bango. Na biyu ya kai ni inda ake kwantar da masu taɓin hankali. Na tsaya a bakin ƙofa na ce in Inna ta ga nan, ita da yarda da ni har abada. Kwana biyu ina gantali cikin rana, takalmi ya ci mini dunduniya. A ƙarshe wata mai sayar da magani a farmasi ce ta tausaya mini, ta zana mini kwatance a bayan takarda.

Ɗan ƙaramin ofis ne a bayan wani gidan likita. Mai wurin wata siririyar mata ce 'yar kudu, furfura ta fara fito mata, kowa Madam yake ce mata. Ba ta jin Hausa ko "zo in kashe ka". Na ce kada ta damu, ni zan yi tafinta, ai aikina ne magana. Ta ɗan dube ni ta ce, "Za mu gwada."

Ƙarya na yi wa Inna, Allah ya yafe mini. Na ce babbar likitar tansiyo ce aka samo. Ba ta yi musu ba, sai dai ta ce ba ta zuwa wurin mutane hannu rabbana. Ta sa aka ɗaure mata ƙaramin buhun albasa da ƙullin gabu. Haka muka hau mota da sassafe, muka kwana wajen wata 'yar'uwarmu, washegari muka je.

Ɗakin kujeru uku ne da ɗan tebur, ba gado, ba ma'auni. Inna ta zauna ta naɗe hannun riga tana jiran a ɗaura mata abin awo. Da ta ga shiru sai ta raɗa mini, "Wagga likita, kayan aikinta sun ɓace ne?" Madam ta tambaye ni me ta ce. Na ce, "Cewa ta yi ɗakinki ya yi kyau." To, daga nan fa na fara gyaran zance.

Madam ta yi tambaya kan kasuwa, kan barci, kan 'ya'ya. Da aka zo kan wanda ya rasu ta ce, "Mene ne sunansa?" Ban ma juya wa Inna tambayar ba, na faɗi sunan da kaina.

"Ita na tambaya," in ji Madam.

Sai na gyara zama na yi mata bayani, da irin muryar da nake koyar da 'yan aji, cewa a wajenmu uwa ba ta ambaton ɗan fari, kuma tambayar ma ba ta dace ba. Ta saurare ni har na gama. Ta ce to, a tambayi Inna ranar ƙarshe da ta gan shi a kan ƙafafunsa.

Na tambaya, ina jiran "to" ɗin da na saba ji. Inna ta dubi ƙasa, sannan ta buɗe baki.

"Da sahe ya zo gaisuwa. Ya ce, Inna, kaina na sara. Akwai mata biyu zamne wurina, sun biyo gida sayen gabu. Na ga idanunai sun yi ja. Hannuna wanga ya tashi zai taɓa goshinai, na maishe shi cikin zane. Na ce Allah shi sawwaƙe, ban ko dube shi ba. Ya daɗe durƙushe, awa mai jiran wani abu. Sannan ya tashi ya tahi. Ni da na goye shi shekara biyu, ban sake taɓa jikinai ba sai da ya yi sanyi."

Wata irin kunya ta rufe ni. Uwata da duk unguwa ke yabo, ga ta tana amayar da cikinta a gaban baƙuwa. Na juya na ce wa Madam da Faransanci, "Ta ce ta yi haƙuri, ta bar wa Allah komai."

Madam ta ajiye alƙalami.

"Malama, mamanki ta yi magana mai tsawo. Ta nuna mini hannunta. Muryarta ta karye sau biyu. Ke kuma layi ɗaya kika ba ni."

Na ce ai haka Hausa take, tana da tsawo. Wallahi haka na ce, ni da takardar koyarwa! Madam ta yi murmushi, ta tashi ta leƙa waje. Ta dawo da wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya 'yar Kandi mai jin Dandanci. Inna kuwa, kamar kowa a garinmu, Dandanci da Hausa duk ɗaya ne a bakinta. Aka tambaye ta ko ta yarda dattijuwar ta zauna a maimakona. Ko kallona ba ta yi ba ta ce ta yarda. Madam ta buɗe mini ƙofa cikin ladabi.

Ni! Ni da na yi gantalin kwana biyu na nemo wurin! Na zauna a benci, buhun albasa a gefena, ina ta huci, ina shirya irin maganar da zan gasa wa Madam in ta fito.

Can sai na ji wani abu ta bayan ƙofa. Sunan yayana ne, a muryar mahaifiyata. Ta faɗe shi sau ɗaya a hankali, kamar mai gwada ko bakinta zai iya. Sannan ta ɗaga murya ta kira shi, irin kiran da uwa ke yi wa ɗanta in ya yi nisa da gida. Ta kuma kira, ta kuma. Sai kuka ya biyo baya, kukan da ban taɓa sanin tana da shi ba. Na zabura zan shiga, dattijuwar ta leƙo ta girgiza mini kai. Na koma na zauna, na manta duk maganar da na shirya.

Sun fi sa'a guda a ciki. Inna ta fito idanu a kumbure, ta sa aka shigar da albasar, ta tsaya tana koya wa Madam yadda ake sa gabu a miya, dattijuwar tana fassarawa dalla-dalla.

A hanyar komawa muka iso Kandi. Da mota ta tsaya, sai ta taɓa ni ta ce, "Sayo mini soyayyar doya, a sa yaji da yawa." Ta cinye tas har da lashe yatsu. Na kau da kai ina kallon taga don kada ta ga idona. Da ta sha ruwa ta ce:

"Likitar tansiyo ko? Ke dai Allah shi shirye ki. Kuma Faransancin nan naki gajere ne. Na yi zance daga gida har Gaya can ƙetaren kogi, ke kin sauke ni tun bakin gadar garinmu."

Na yi dariya har mutanen cikin mota suka waiwayo. Rabona da jin ta tsokane ni, tun kafin rasuwar.

Kada ku ɗauka a rana ɗaya ta warke. Wata-wata muke komawa, kuma akwai satin da takan sake shiga shirunta, in sake shiga tsorona. Amma loma biyu ta zama biyar, ta zama kwano. Wata Juma'a na dawo daga lakwal na tarar ba ta gida, aka ce tana kasuwa tana faɗa da wanda ya jibge kaya a gaban rumfarta.

A zuwanmu na huɗu, ina zaune a bencina kamar kullum, ta fito ta tsaya a kaina.

"Tashi ki shiga."

"Ni, Inna? Ni ai lafiyata lau."

"Lahiya lau? Wata nawa kina gadina kina ƙirga mini loma, wa ya tambaye ki ke? Ni ɗa na rasa, ke kuma wanki. Rannan ba don kunyata kika yanke mini zance ba. Ke ce ba ki iya ji. Shiga, ni in tsare bencin."

Na shiga. Madam ta nuna mini kujera, ta ce in ba ta labarin yayana. Faransancin da nake ji da shi ya gudu ya bar ni. Kuka kawai na yi, ita kuma ba ta hana ni ba.

Ba na zagin kunya, kada wani ya juya mini magana. Da ita aka raine mu, kuma har gobe a gaban mutane "yayanku" Inna take cewa. Abin da na gane shi ne, dukanmu da muke ƙaunarta mun taru mun toshe mata baki, wasu da yabo, wasu da "yi haƙuri", ni kuma da fassara. Sai da aka yi doguwar tafiya aka samu ɗaki ɗaya da babu wanda ya san ta, sannan ta samu ta zama uwar ɗanta.

Ke da kika tambaye ni jiya, ki fara da ma'aikatan jinya da masu farmasi, sun fi 'yan kabu-kabu sanin hanya. Kada ki gaji in ƙofar farko ba ita ba ce. In kuma wani naki za ki kai, ki kai shi ki zauna a waje.

Inna tana nan da ranta, ta ƙara ƙiba ma, tana ta mita zannuwanta sun yi mata kaɗan. Wani lokaci in muna mu biyu a ɗaki tana dunƙula gabu, sai ta ce, "Na taɓa ba ki labarin ranar da ya fara tahiya?" Ta kira sunansa cikakke, ta ɗauko labarin tun daga farko. Sau ashirin na ji shi. Ni dai sai in ce ba ta taɓa ba ni ba, in rufe bakina, in bar ta ta kai ƙarshe.