Hujin da ke Ƙofar Direba

Jama'a, na san an san ni da ƙarin gishiri, ni ne na taɓa cewa ɓeran Bronx ya karɓe mini burodi har ya nemi shayi, to amma wannan wallahi tallahi a kaina ya faru, kuma ba na dariya idan na tuna shi.

Shekarun baya ina kanikanci a wani gareji a tsibirin Staten Island, a birnin New York. Daga unguwar Mount Hope a Bronx nake tasowa, in hau jirgin ƙasa, in kama na ruwa zuwa St. George. Mai garejin wani tsohon Bature ne da ba shi da aiki sai tara tsofaffin motocin soja yana gyarawa, muna ce masa Janar, alhali ko tayar keke ta fashe sai ya nemi ƙarƙashin tebur. Mu biyu ne Hausawa a wurin, ni a inji, sai Yaya Garba mutumin Zangon Kumasi a bodi da walda, dattijo ne, hannunsa ya fara rawa, kuma shi kansa ya san in ya bar nan babu mai sake ɗaukarsa.

Rannan aka kawo wata tsohuwar lori, Janar yana ta tsalle wai ta je yaƙin Bama, wato Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu. Sitiyarinta a dama yake, kuma a ƙofar direba akwai hujin harsashi, daidai haƙarƙarin wanda ya zauna. Yaya Garba na gani ya jawo kan walda, don a wurinmu mai gyaran bodi ba ya barin huji a mota. Janar ya taso kamar zai haɗiye shi, ya ce hujin nan shi ne darajar motar gaba ɗaya, wanda ya taɓa shi ya kama hanya.

Bayan 'yan kwanaki, da azahar tsaka, rana kamar ta narka kwalta, ina kwance ƙarƙashin lorin sai na ga ƙafafu sun tsaya kusa da kaina, tsofaffin takalman soja, da jan taɓo jiƙe sharkaf, a garin da ya kwana biyu bai ga ruwa ba. Aka ce, da Hausa irin ta kakanninmu, a hankali, “Sannu da aiki, ɗan'uwa. Don Allah a rufe mini wurin nan, iska na shigo mini.”

Na ce, “Yaya Garba, tsufa ya zo maka da wasan yara ke nan?”

Na turo kaina waje, babu kowa, babu ko sawu, sai ga Yaya Garba can yana fitowa daga bayi da buta. Ya dubi fuskata ya ce, “Ƙanena, kai ma ya roƙe ka ko? Ni kullum sai ya roƙe ni.”

Na ce, “Yaya, rufa wa kanka asiri. Mu yi masa sadaka a masallacin unguwar Morrisania, shi ke nan.”

Ya ce, “Sadaka ya ce maka yana so? An kwaso ɗan mutane daga garinsu, ya mutu a dajin da bai san sunansa ba, yau ya samu mai jin yarensa, sai in ce masa boss ya hana?”

Washegari Janar ya fita cin abinci, Yaya Garba ya yi bisimilla ya toshe hujin, ya goge, ya shafa fenti, kai ka rantse haka aka ƙera ta. Wallahi garejin ya yi wani irin tsit mai daɗi, kamar gidan da mai jinya ya samu barci.

Da Janar ya dawo bai ko saurari bayani ba. Na roƙa, na haɗa da Turancin da ban san ina da shi ba, ya ce dattijon ya kwashe kayansa. Yaya Garba bai gama saka takalmi ba, Janar ya ɗauko injin huji ya auna wurin ya danna. Ƙarfen na ɓullewa na ji an ce “wash” daga cikin motar, ƙasa-ƙasa. Yaya Garba ya tsaya cak a bakin ƙofa bai juyo ba. Janar kuwa ya hure ƙurar, ya ja baya yana murmushi.

Yaya Garba bai sake samun aikin bodi ba, ya ɗan yi wankin mota har sanyi ya kayar da shi, 'yan Zango suka yi karo-karo aka mai da shi gida. Ni ma ban daɗe ba na bar wurin.

Lorin tana nan, ana fita da ita baje koli, yara na layi suna zura yatsa a hujin iyayensu na ɗaukar hoto. Wani da ya taɓa tuƙa ta ya ce mini ko a tsakiyar zafi sai ya sa rigar sanyi, don haƙarƙarinsa na dama ƙanƙara yake yi. Ni dai ban san wane ne mai muryar nan ba, ban san garinsu ba. In Allah ya kai ku irin wurin nan kuka ga tsohuwar motar soja, ku riƙe hannun 'ya'yanku, ku yi sallama, ku wuce.